Lauyan da ya ce sai an saurari baƙo

Yau zancenmu zai kai mu nesa, har ƙasar Amurka, wajen wani lauya mai suna Ira Kurzban. Lauya shi ne mutumin da ya karanci doka, yake tsaya wa wani a gaban alƙali. Akwai lauyan ƴan kasuwa, akwai na gwamnati, akwai na masu rigimar gado ko gona. Shi wannan, aikinsa tsaya wa baƙi ne, wato mutanen da suka shiga ƙasar da ba tasu ba, ana so a kore su. Ya yi sama da shekara 40 yana wannan aiki. In kun bi shari'o'in da ya yi, za ku tarar kusan kullum abu guda yake nema. Kafin a yanke wa baƙo hukunci, a bar shi ya yi magana da harshen da yake ji, kuma a rubuta abin da ya faɗa daidai.

Wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne. To, ku saurara ku ji wahalar da aka sha a kansa.

An haifi Kurzban a 1949 a birnin Niyok. Ya gama karatun doka a 1976 a babbar makarantar Bakli, cikin jihar Kalifoniya. A 1977 ya koma Mayami da zama. Mayami birni ne na bakin teku a jihar Fulorida, can kudancin Amurka. Lokacin yana saurayi ɗan shekara 28. A nan ne ya gamu da mutanen Hayti.

Mutanen kwale-kwale

Hayti ƙasa ce a kan tsibiri. Mutanenta baƙar fata ne kamarmu, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka zamanin cinikin bayi. Sun yaƙi Faransa, sun karɓi ƴancinsu tun 1804. Ana aiki da faransanci a ofisoshinsu, amma harshen talakan ƙasar shi ne kiriyol. Yawancin mutanen karkara shi kaɗai suke ji.

Daga 1957 zuwa 1986 gida ɗaya ne ya riƙe mulkin Hayti. François Duvalier ya yi shekara 14. Da ya mutu a 1971, ɗansa Jean-Claude ya gaje shi yana ɗan shekara 19. Suna da wasu ƴan banga da ake kira Tonton Makut. Waɗannan mutane in suna son gonarka, sai su karɓe. In ka yi magana, su ɗaure ka. Mutane da yawa sun shiga kurkukunsu ba su fito ba.

Ga zalunci, ga talauci. Daga 1972 sai mutane suka riƙa shiga ƙananan jiragen katako masu tafiya da iska, suna nufar Fulorida. Tafiyar ta kai kusan kilomita 1000 a kan teku. Ta fi nisan Yamai zuwa Damagaram, kuma babu inuwa, babu rijiya a hanya. Wasu sun isa. Wasu ruwa ya ci su. A watan Oktoba na 1981 wani jirgi ya kife dab da gaɓar Fulorida, mutum 33 suka mutu, gawawwakinsu suka fito a kan rairayi kusa da gidajen masu kuɗi.

Wanda ya isa da rai yana iya roƙon abin da ake kira mafaka. Ma'anarta ita ce mutum ya ce: in kun mai da ni ƙasata, za a kashe ni ko a ɗaure ni saboda siyasa, ko addini, ko ƙabila. In an yarda da maganarsa, sai a bar shi ya zauna. Amma gwamnatin Amurka ta wancan lokaci tana ɗasawa da gidan Duvalier. Sai ta ce mutanen Hayti yunwa ce kawai ta koro su, ba tsoro ba. Mutanen Kuba kuwa, da su ma suke zuwa cikin jirage, an yi musu doka ta musamman tun 1966 wadda ta sauƙaƙa musu samun takardar zama. A 1980 kaɗai mutanen Kuba wajen 125,000 suka sauka a Fulorida. Teku ɗaya, gaɓa ɗaya, amma tarba iri biyu.

Shari'ar sauri

A 1978 takardun mutanen Hayti suka taru jibgi a ofishin shige da fice na Mayami. Sai shugabannin ofishin suka tsara yadda za a gama da su da gaggawa. Ku duba yadda aka yi.

Da can, alƙalan baƙi ba su wuce shari'a 10 a yini. Sai aka mai da su 55, wata rana har 80. Da can, in mutum ya zo ba da labarin abin da ya koro shi, ana ba shi awa ɗaya da rabi. Sai aka rage zuwa rabin awa. Tun da sai tafinta ya juya magana daga kiriyol zuwa ingilishi, ya sake juyowa, abin da ya rage wa mai magana bai fi minti 15 ba. An kuma ce kowa ya kawo takardar roƙon mafaka cikin kwana 10. Lauyoyin da ke tsaya wa waɗannan dubban mutane ba su fi 12 ba. Sau da yawa akan kira lauya guda a wuri biyu ko uku a sa'a ɗaya. Ina zai sa kansa?

Sama da mutum 4000 aka bi da su ta wannan hanya. Ko ɗaya bai sami mafaka ba.

Akwai wani gida a Mayami mai taimakon ƴan gudun hijirar Hayti. Wani limamin kirista ɗan Hayti, Gérard Jean-Juste, shi ne jagoransa. Kurzban ya zama lauyan wannan gida. Shi da wasu lauyoyi suka ga in an ce a bi mutum ɗaya ɗaya, kafin a ceci goma an kori dubu. Sai suka kai ƙara guda da sunan mutanen duka. Dokar Amurka ta yarda da haka in cutar da aka yi wa jama'a iri ɗaya ce. Ba su ce wa alƙali ya ba kowa takardar zama ba. Cewa suka yi hanyar da aka bi ba shari'a ba ce. Suka kawo shaidu da suka faɗi irin ɗauri da dukan da ake yi a Hayti. Suka nuna lissafin sa'o'i da mintoci.

A watan Yuli na 1980 alƙali James Lawrence King ya yanke hukunci. Ya ce an tauye wa mutanen nan haƙƙinsu. Ya hana a kore su, ya ce sai an sake sauraron kowa bisa ƙa'ida. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara. A 1982 kotun gaba ta tabbatar da tushen hukuncin. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Aikin da aka so a gama cikin ƴan watanni, sai da aka koma farkonsa.

Abin da ke tsakanin baki da takarda

A nan bari in gaya muku dalilin da ya sa labarin nan ya kama ni. Na yi shekaru ina rubuta wa mutanen garinmu wasiƙu, ina kuma raka waɗansu ofis in yi musu tafinta. Na san abin da ke faruwa da magana in ta bar bakin mai ita.

Wata rana na raka wani dattijo wani ofis a kan maganar gonarsa. Da aka tambaye shi, sai ya faro daga kakansa, da shekarar fari, da wanda aka ba aron gefen gonar, da shaidun da suka mutu. Haka mutumin karkara yake ba da labari. Yana farawa daga saiwa kafin ya kai ga reshe. Ma'aikacin yana da mutane cike a ƙofa, yana ta duban agogo. Da dattijon ya gama, na leƙa takardar. Layi uku ne. Maganar aro, wadda ita ce zuciyar zancen, ba ta ciki. Na roƙa a karanta masa abin da aka rubuta kafin ya dangwala hannu. Aka karanta, na juya masa da hausa. Ya ce a'a, ba haka ya faɗa ba. Aka gyara.

Wannan a ƙasarsa ke nan, kusa da garinsu, ga kuma wanda ya san shi a gefensa. To, ku kwatanta da mutumin da ya yi kwana da kwanaki a kan teku, ya sauka inda bai san kowa ba. Mai kaki ne yake tambayarsa, shi kuwa masu kaki ne suka koro shi daga gida. In aka ce masa: me ya kawo ka? Zai ce: na zo neman aiki. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Ba zai fara da cewa ɗan banga ya ƙwace gonarsa ya ɗaure wansa ba, sai ya natsu, sai an tambaye shi a hankali. Amma an riga an rubuta: ya zo neman aiki. Wannan layi guda ya isa a mai da shi hannun wanda ya gudo wa. An ce baƙo ko da ido makaho ne. In babu tafinta nagari, kurma ne kuma bebe.

Gidan waya

A 1981 sabuwar gwamnatin Ronald Reagan ta canza dabara. Da, ana barin baƙo ya zauna wajen danginsa har ranar shari'arsa. Yanzu sai aka ce a tsare mutanen Hayti. Aka zuba su a wani tsohon sansanin soja mai suna Kurom, a bakin fadama bayan Mayami, an kewaye shi da waya. Wasu aka kai su tsibirin Porto Riko, wasu jihohi masu nisa inda babu mai jin kiriyol kuma babu lauyan da zai je. An raba miji da mata. Akwai waɗanda suka yi shekara a tsare, ba su yi sata ba, ba su yi kisa ba.

Kurzban da abokan aikinsa suka koma kotu. A watan Yuni na 1982 alƙali Eugene Spellman ya ce gwamnati ta kafa wannan tsari ba tare da ta bi ƙa'idar kafa sabuwar doka ba, wato ta sanar da jama'a ta ji ta bakinsu. Ya ce a sake su. Sama da mutum 1700 suka fito.

Amma akwai sauran magana. Lauyoyin sun ce an tsare mutanen nan ne don su baƙar fata ne ƴan Hayti. Wannan zance ya hau har Kotun Ƙoli ta Amurka, mai alƙalai 9, wadda babu wata a samanta. Kurzban da kansa ya tsaya gabansu. A 1985 kotun ta ce dokokin ofishin shige da fice sun hana ma'aikaci ya duba launin fata ko ƙasar mutum wajen tsarewa ko saki. Ba ta kai inda Kurzban ya so ba, don ta ƙi cewa komai a kan ko babbar dokar ƙasa tana kare irin wannan baƙo. Alƙali Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a wannan kotu, ya rubuta cewa ya kamata a faɗi hakan a fili. Rinjaye bai bi shi ba. Duk da haka an sami abin riƙewa.

Shari'ar ƴan ƙwadago

Wannan ta uku ta shafi manoma, don haka za ku gane ta da kyau. A 1986 Amurka ta yi wata doka. Ta ce baƙon da ba shi da takarda, in ya yi aikin gona na kwana 90 cikin shekarar da ta ƙare ran 1 ga Mayu 1986, ya zo a ba shi takardar zama. Sama da mutum miliyan 1 suka nema. Cikinsu akwai ƴan Hayti masu tsinkar tumatir da lemu a gonakin Fulorida.

Sai dai yaya ɗan ƙwadago zai nuna ya yi kwana 90? Ku da kanku kun san aikin ƙwadago. Ana biyanka da yamma, a hannu. Yau kana wannan gona, jibi kana waccan. Wa ya rubuta sunanka? Da suka je ofis, wasu ba a ba su tafinta mai kyau ba. Wasu an hana su kawo shaidu. Wasu an ƙi su saboda wata magana da ba a gaya musu ba, balle su kare kansu. Kuma ba a ajiye cikakken rubutu na abin da aka tambaya da abin da aka amsa ba.

Da aka kai ƙara, gwamnati ta ce kotu ba ta da ikon duba tsarin gaba ɗaya. Ta ce kowa ya jira sai an yanke masa hukuncin kora, sannan ya kai kukansa shi kaɗai. Wato sai ka miƙa wuya tukuna a ji ka. Kurzban ya sake tsayawa gaban Kotun Ƙoli. A 1991 alƙalai 7 cikin 9 suka ba shi gaskiya. Suka ce in hanyar sauraron mutane ce ta lalace, ana iya kai ƙarar hanyar kanta.

Ba kullum ake nasara ba

Kada ku zaci duk shari'ar da ya shiga ya ci. A watan Satumba na 1991 soja suka tumɓuke shugaban Hayti, Jean-Bertrand Aristide. Dubban mutane suka sake faɗawa teku. Jiragen Amurka suka riƙa tare su a kan ruwa. Wasu aka mai da su gida, wasu aka kai su sansanin Gwantanamo. Kurzban ya samu wani alƙali ya tsai da mayarwar na ɗan lokaci. Kotun gaba ta rushe wannan umurni, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi karɓar ƙarar a 1992. A 1993, cikin wata ƙara da wasu lauyoyi suka kai, Kotun Ƙoli ta ce gwamnati tana iya mai da wanda ta tare a tsakiyar teku. Mutane da yawa an mai da su ba a ji ta bakinsu ba.

Bai bar aikin ba. A 2019, yana ɗan shekara 70 ba kaɗan, yana cikin lauyoyin da suka samu wata kotu a Niyok ta tsai da soke izinin zama na wucin gadi da aka ba ƴan Hayti bayan girgizar ƙasa ta 2010.

Wataƙila kuna tambaya: talakan da ya sauka daga kwale-kwale, da me zai biya lauya? Ba shi da abin biya. Irin wannan shari'a takan ci shekaru ba a ga ko dala ba. Amurka tana da wata doka da ta ce in gwamnati ta faɗi a shari'a, kuma ba ta da hujja mai ƙarfi tun farko, ita za ta biya ladan lauyan wanda ya yi ƙara. Ko wannan sai da aka ja. Maganar ladan shari'ar Kurom ta kai Kotun Ƙoli, aka yanke ta a 1990, shekara 8 bayan an saki mutanen.

Ya kuma yi wani aiki da ba na kotu ba. Dokokin baƙi a Amurka suna da yawa, kuma suna canzawa kamar kuɗin hatsi a kasuwa. Sai ya tattara su cikin babban littafi guda, ya fito da shi a 1990, ana ta sake buga shi da gyara. Lauyoyi da alƙalai suna aiki da shi. Ya shugabanci ƙungiyar lauyoyin baƙi ta Amurka a 1987, ya kuma koyar da ɗalibai a Mayami. Mutum ɗaya ba ya iya tsayawa a kotu dubu. Amma wanda ya koya wa dubu, ya tsaya.

Mu fa?

Ƴan'uwa, mu ba baƙin wannan zance ba ne. Dattawanmu suna tuna 1969, da aka ba baƙi marasa takarda sati biyu su bar Gana. Suna tuna 1983, da aka yi irin haka a Nijeriya. A ƴan shekarun nan kuma mun ga waɗanda ake saukewa cikin hamada kusa da Asamaka. Kusan kowane gida yana da wanda ya tafi bida. Kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta, wannan babu gardama. Shi ma Kurzban bai ce kowa ya shiga ya zauna ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne kada a haɗa mutum 4000 a yi musu hukunci ɗaya kamar buhunan gero. Kowane yana da sunansa da abin da ya fito da shi.

Saboda haka in ɗanku ko mijinku zai yi tafiya, ku gaya masa abu uku. Ya riƙe takardunsa, ya kuma bar kwafinsu a gida. In ya shiga hannun hukuma, ya nemi tafinta, ya faɗi labarinsa duka, kada kunya ko tsoro su sa ya rage. Kuma kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba.

Sannan mu tuna wata rana mu ne masu masauki. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa ƙauyukan jihar Maraɗi, suna gudun ƴan bindiga. Irin haka ta faru a Difa tun kafin nan. In baƙo ya sami matsala a garinku, aka kai shi gaban maigari, ku duba ko akwai wanda ya tsaya kusa da shi. In ba ya jin harshen wurin, a nemo mai juya masa. In yana ba da labari daga nesa, a yi haƙuri ya kai ƙarshe. Wanda ya iya karatu a cikinku ya karanta masa abin da aka rubuta a kansa. Ba sai kun je Kalifoniya kun karanci doka ba kafin ku yi wannan.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Allah ya haɗa su da mai tsaya musu a inda ba su da kowa. Amin.